Hassan Hajjaj, mai hoton da ke yi wa aikinsa firam da gwangwanin tumatir: tambayoyi da amsoshi

Tun ranar da na manna hotunan nan uku a bangon shagona a nan Yamai aiki ya ƙaru mini, amma na baki ne. Mutum zai zo a rubuta masa allon shago, sai ya tsaya ya ƙura wa bango ido har ya manta abin da ya kawo shi. Hotunan na wani ɗan Maroko ne, Hassan Hajjaj. Daga intanet na ciro su na buga a takarda don yaran shagona su riƙa wanke ido. Da na ga tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, sai na tara su nan da amsoshin da na saba bayarwa, wasu da bakin waɗanda suka yi su.

Maigida, shi wannan mutumin wane ne?

An haife shi a 1961 a Larache, garin masunta a arewacin Maroko. Yana yaro, a shekarun 1970, iyalinsu suka koma Landan. Bai yi nisa a boko ba, kuma bai taɓa zama a ajin koyon zane ko ɗaukar hoto ba. Kasuwa ce ta raine shi. Ya shirya bukukuwan kiɗa, ya yi aiki tare da masu shirya bidiyon mawaƙa, sannan a shekarun 1980 ya buɗe shagon tufafin samari mai suna R.A.P. Daga baya ya ɗauki kyamara da gaske. Yau yana raba zamansa tsakanin Landan da Marakesh, kuma manyan gidajen tarihi irin British Museum da Victoria and Albert a Landan, da Brooklyn Museum a Amurka, sun sayi aikinsa sun ajiye.

To me ke cikin hotunan da har ake wannan zumuɗi?

Ka matso ka duba. Mutum ne a tsakiya, zaune ko tsaye, ya ci ado mai ƙyalli, an ɗauke shi daga ƙasa-ƙasa yadda zai fito da kwarjini kamar basarake. Bayansa tabarmar roba ce mai launi, irin wadda muke shimfiɗawa a ƙofar gida bayan la'asar. Sai firam ɗin, wanda shi ne ya fi tsayar da mutane: katako ne mai ƙananan ramuka, kowane rami an zaunar da gwangwani na gaske a ciki, na tumatir, na kifi, na lemun kwalba, ko kwalin shayi, an jera su sun kewaye hoton. Tufafin ma galibi shi yake tsara su ya ba tela ya ɗinka. Wani lokaci da buhun gari ko atamfa, wani lokaci jallabiya ce mai ɗauke da tambarin manyan kamfanonin Turai, irin na jabu da ake sayarwa a kowace kasuwa.

In ka lissafa kayan da ke cikin hoto ɗaya, babu wanda ba za ka samu tsakanin Babbar Kasuwa da kasuwar Katako ba kafin azahar.

Ana cewa fasahar pop yake yi. Mene ne pop ɗin?

Kalmar Turanci ce da aka gutsure, tana nufin abin da talaka da mai kuɗi duk suka saba gani. A Ingila da Amurka aka fara amfani da ita a shekarun 1950 zuwa 1960, lokacin da wasu masu zane suka gaji da zanen da sai an yi maka dogon bayani kafin ka gane, suka koma zana kayan kanti, tallan jarida da fuskokin taurari. Wanda ya fi suna a cikinsu Andy Warhol ne, ɗan Amurka. A 1962 ya zana gwangwanin miya na kamfanin Campbell's har 32, kowanne da allonsa, aka jera su kan siririyar kanta a Los Angeles kamar kayan sayarwa.

Ni kuwa in ina koya wa yara, ba daga Amurka nake farawa ba. Ina tambayarsu ko sun taɓa shiga ɗakin amarya irin na da, wanda aka yi wa jere. Kwalla kan kwalla, langa kan langa, samira da tasa, launi ɗaya a maimaita shi daga ƙasa har rufi. Kwanukan nan kayan masana'anta ne, ba wadda ta ƙera su da hannu a cikin matan da suka yi jeren. Gwanintar tana wajen zaɓi da tsari: wane launi zai bi wane, ina ido zai fara sauka in an ɗaga labule. Iyayenmu mata sun san cewa abu ɗaya in aka jera shi sau talatin ya tashi daga kwano ya koma ado. Abin da Warhol ya yi da gwangwani ke nan, abin da Hajjaj ke yi da firam ke nan. Bambancin dai ba wanda ya rubuta sunan gwoggo a ƙasan jerenta.

Gaskiya ne ana kiransa Andy Warhol na Marakesh?

Ana kiransa, kuma ƴan jarida na son sunan don yana rage musu aiki. Marigayi mawaƙi Rachid Taha ɗan Aljeriya ya mai da abin barkwanci, ya ce Andy Wahloo, wanda a Larabcin Maroko yake nufin "ba ni da komai". Sunan ya zauna har aka sa wa wani wurin shaƙatawa a Paris da Hajjaj ya tsara cikinsa a 2003.

A ganina laƙabin ya rage shi. In ana neman iyayen gidansa, a duba Bamako: Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948 yana shimfiɗa zane mai ado a bayan masu zuwa hoto, da Malick Sidibé, wanda aka ba babbar lambar girma a baje kolin Venis a 2007. Mu ma a Yamai mun yi namu, Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki samari da ƴan matan birnin nan a shekarun 1960 da 1970. Duk wanda ya taɓa zuwa hoton salla, aka ba shi tarho ko furen roba ya riƙe, ya san gidan da hotunan Hajjaj suka fito.

Malam, shi mai fasaha ne ko ɗan kasuwa? Na ga har kujeru da riguna yana sayarwa.

Wannan ce tambayar da ta fi cin rai, don ta shafi tuwonmu.

E, yana yin duka. Yana yin kujeru da akwatin lemun Coca-Cola da gwangwanin fenti, yana mai da allon hanya tebur, yana yin fitilu da takalma da riguna. Yana da gida a tsohon garin Marakesh, Riad Yima, inda shago da wurin shan shayi da wurin nuna hotuna suke haɗe. Shi ya ɗauki hoton mawaƙiya Cardi B na bangon mujallar New York a 2017, da na mawaƙiya Billie Eilish a ɗaya daga bangwayen mujallar Vogue na Maris 2020. A 2019 kuma babban gidan hotuna na Paris, Maison Européenne de la Photographie, ya ba shi ginin ya cika shi da aikinsa.

Ba shi ya fara tsallaka wannan katanga ba. Warhol kansa ya shafe shekarun 1950 yana zana takalman mata don tallan jarida. Takashi Murakami na Japan, mai digirin dakta a zanen gargajiyar ƙasarsu, ya yi wa Louis Vuitton adon jakunkuna a 2003, kuma a 2007 aka buɗe shagon jakunkunan a tsakiyar baje kolinsa a wani gidan tarihi na Los Angeles. Chéri Samba na Kwango abokin sana'armu ne kai tsaye: allunan talla yake rubutawa a Kinshasa kafin a kai zanensa Paris a 1989.

Abin da na lura cikin shekarun da na yi da burushi shi ne hannu ɗaya ne, ido ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne wa ke da ta cewa. In mai gashin kaji ya ce in zana masa kaza, kazarsa ce: in ya ce ta yi rama, dole in ƙara mata tsoka, don kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. In na zana kaza don kaina, ko ƙafa uku na ba ta ba mai tuhumata. Cin nasarar Hajjaj shi ne ya kai matsayin da mai kuɗi ke zuwa neman kazarsa mai ƙafa uku. Mujalla ba ta ce masa ya ɗauki hoto irin nata ba, mawaƙiyar ce ta zo ta tsaya gaban shimfiɗarsa. Wanda bai kai nan ba, kamar ni da kai, yana yin aikin oda da safe ya yi nasa da dare, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Abin da nake tsoro ga yaro shi ne ya shekara goma yana aikin oda har ya manta yadda tasa kazar take.

Alhaji ya ce: hoto ne fa, ana iya wanke dubu. Me ya sa zai yi tsada?

Alhaji, ka yi gaskiya, kuma masu sayarwa sun riga ka tunanin. Shi ya sa suke ɗaure kansu da alkawari. Mai hoto zai ce wannan hoton guda bakwai kawai zan buga a wannan girma, ya sa hannu a kowanne, ya rubuta 1/7, 2/7, har na ƙarshe. In ya buga na takwas a ɓoye, ya kashe kasuwarsa da hannunsa. Wanda na manna a bango kuwa takarda ce, ko kuɗin shayi ba za a ba ni a kanta ba. Ga kuma firam, wanda ake haɗawa da hannu ɗaya bayan ɗaya.

Sauran kuɗin na suna ne. Gwangwanayen Warhol 32 da na ambata, dala 100 aka sa wa kowanne a 1962, dalar Amurka, ba tamu ta sefa biyar ba. A 2022 an yi gwanjon zanensa guda ɗaya na fuskar tauraruwar fim Marilyn Monroe a kan dala miliyan 195. Fentin bai ƙaru ba. Kai da ka san yadda ragon layya ɗaya ke ninka ɗan'uwansa kuɗi don kawai an san gidan da ya fito, ba sai na ja maka ba. Kuma kada a ɗauka duk kuɗin na mai zane ne. Gidan da ke nuna aikin ya sayar, sau da yawa rabi yake ɗauka, a gwanjo kuwa galibi wanda ya saya tun farko ne ke kwasar riba.

Sa tambarin kamfani a aikinka ba sata ba ce?

Ya danganta da abin da ka yi da shi. Gwangwanin da Hajjaj ya saya ya zaunar a firam, kayansa ne. Jallabiya mai tambarin jabu a cikin hoto tana faɗin wani abu a kan yadda talaka ke sa sunan masu kuɗi a jikinsa. Amma ka buga tambarin wani a riguna 500 ka kai kasuwa a matsayin kayansu, wannan jabu ne, ba wata fasaha.

Inda aka fi samun rigima ma hoton wani ne. A watan Mayu 2023 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan gidauniyar Warhol, saboda ta ba wata mujalla hayar zanen mawaƙi Prince da Warhol ya yi daga hoton da Lynn Goldsmith ta ɗauka a 1981. In sunan Warhol bai kare ba, kai da ke kwafo hoto daga Facebook ka buga a riga sai ka yi hattara.

Hajiya ta ce: su waɗannan mata masu niƙabi a kan moto, ba wasa da mutuncinsu ake yi ba?

Hajiya, ke ce ta uku da ta yi mini wannan tambaya, kuma duk mata ne. Jerin hotunan sunansa Kesh Angels. Matan ba ƴan kwaikwayo ba ne da aka yi haya. Yawancinsu masu lalle ne da ke sana'a a dandalin Jemaa el-Fna na Marakesh, kuma hawa moto abin yau da kullum ne ga matan garin, kamar yadda kike ganin ƴaƴanki a nan suna tafiya aiki ko makaranta a kai. Ya daɗe da sanin su, har ya yi fim a kan yinin ɗaya daga cikinsu a 2015. Ki dubi zamansu: ƙafa a ƙasa, hannu a kan moto, ido cikin ido. Turawa sun shekara fiye da ɗari suna zana matan Larabawa a kishingiɗe kamar kayan ɗaki, waɗannan kuwa kamar su ce maka kauce.

Duk da haka ban ce ki saki tambayarki ba. Hoton yana rataye a falon wani a Paris, mai lallen tana dandali cikin rana. Ko da mai hoto mutumin kirki ne, tazarar nan tana nan. Ni abin da na ɗauka wa kaina shi ne duk wanda zan zana ko in ɗauka, sai ya san inda hoton zai je, in matar aure ce sai gidanta sun sani, kuma in an sayar a tuna da shi.

Addini fa? Mahaifina ya hana ni zana mutum.

Ɗana, ni mai fenti ne, fatawa ta malamai ce, kuma sun yi magana mai yawa a kan bambancin sassaƙa da zanen hannu da hoton kyamara. Ka bi mahaifinka, ka tambayi malaminka. Sai dai kada ka ce ƙofa ta rufe. Ka je Birnin Damagaram ka ga adon bangon gidaje. Ka dubi dagi, ka dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, ka dubi zayyanar allo da aikin fatar Abzinawa. Rabin ƙarfin Hajjaj maimaita siffa ne da haɗa launi, kuma ya tashi a ƙasar da ake jera ƙananan tayil a bangon masallaci. Za ka iya shekara arba'in kana aiki ba ka zana ko ƙuda ba.

Injin buga manyan alluna bai kashe sana'ar hannu ba?

Ya rage ta sosai, ba na musu. Mai shago yana son a gama masa yau, da hoton kayansa a jiki. Ni ma na koyi kwamfuta, kuma yarona na farko ya fi ni iyawa. Amma ka kula da allunan roba bayan rani biyu na Yamai, ka ga yadda ja ke komawa ruwan hoda. Ka kuma kula cewa duk sun zama iri ɗaya, don wuri ɗaya ake kwaso hotunan. Mai shagon da ke son a gane shi daga nesa yana dawowa.

In wani kamfani ya ce yana son zanena a jikin kayansa, yaya zan yi?

Zauna, wannan da kuɗina na koye shi. Shekarun baya wani kamfani ya ce in zana masa raƙumi don allon ƙofarsa. Muka yi ciniki a tsaye, aka ba ni kafin alƙalami, na gama aka cika mini, na yi godiya har da rakiya. Bayan wata shida sai ga raƙumina a leda, a kalanda, a jikin mota, har a rigar yaran da ke raba kaya. Da na je, aka ba ni kujera da ruwan sanyi, aka ce ai mun biya ka. Ba ni da takarda ko ɗaya. Na sha ruwan na fito.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne abu biyu ake sayarwa. Akwai allon da ka zana, akwai kuma izinin maimaita zanen. Wanda ya sayi na farko bai sayi na biyu ba sai in ka rubuta ka ba shi. Saboda haka ko a takardar littafin makaranta ne, a rubuta: a kan me za a buga, guda nawa ko na tsawon wane lokaci, a Nijar kaɗai ko har ƙetare, za a sa sunanka ko a'a, kuma an yarda a canja launi ko a yanke wani sashe. In sun ce suna so gaba ɗaya har abada, to kuɗin ma ya zama na har abada. Ka ajiye zanen farko na fensir da kwanan wata, ka ɗauki hotonsa. Muna da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, a nan Yamai, ka je ka ji yadda ake rajista. In tambari ne kake son karewa, wannan aikin OAPI ne, ƙungiyar ƙasashe 17 mai hedikwata a Yawunde wadda Nijar ke ciki, kuma rajista ɗaya tana aiki a dukkansu.

Wani zai ce neman takarda rashin yarda ne, musamman in mai kamfanin babba ne ko ɗan unguwa. Ni yanzu cewa nake yi: Alhaji, don mantuwa ne, ni da kai duk masu mutuwa ne. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba bayan wannan.

In yi irin nasa mana, tunda kayan na nan?

Ka gwada sau ɗaya don hannunka ya koya, sannan ka bari. Kayan aro ba ya rufe katara. Duk wanda ya ga gwangwani kewaye da hoto yanzu, sunan Hajjaj zai kira. Shi ya ɗauki abin da ya gani a hanyar gidansu ne. Kai me ke kan taka hanyar? Butar shayi da mangal, tukunyar dalma ta Katako, rubutun bayan manyan motoci, kwalin sukari, hular da ƴan kokawa ke sawa da layunsu, tallan kilishi.

A ina zan ga aikinsa, kuma a ina zan fara nuna nawa?

Nasa, mafi sauƙi a waya: ka rubuta sunansa a Instagram ko wurin bincike. In Allah ya kai ka Marakesh, ka nemi Riad Yima, kuma tun 2018 ana yin kasuwar fasahar Afirka ta 1-54 a garin. Kusa da mu akwai baje kolin hotuna na Bamako da ake yi tun 1994, da baje kolin fasaha na Dakar.

Naka kuwa, ka fara da zagaya gida. Ka shiga gidan tarihi na Boubou Hama, wanda ke nan tun 1959, ka wuce wurin namun daji ka je inda maƙera da dukawa ke aiki, ka zauna ka ga yadda suke ciniki da baƙo. Ka leƙa ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata. Ka riƙa bibiyar abin da ake nunawa a cibiyar al'adu da aka sa wa sunan Moustapha Alassane a 2024, mutumin da ya zauna a Tawa, wanda tun shekarun 1960 ya zana kwaɗi ya mai da su manyan gwamnati a majigi. Kafin ka nemi bangon kowa, ka tara aiki goma da suka yi kama da juna, ka ɗauke su hoto da safe kafin rana ta yi ƙarfi, ka rubuta girman kowanne da shekararsa a baya. In ka gama ka kawo in gani, ina shago kullum ban da Juma'a, amma ka zo bayan la'asar, don da safe ina kan tsani.